Nauyin Baba Gershon

"Ka dakata mana, ƙirjina zai fashe," in ji Alhaji Sambo, ya dafa gwiwa yana haki a gefen layin dogo.

Baba Gershon bai tsaya ba sai da ya kai gindin wani mangwaro. Ya jingina da sandarsa yana dariya. "Ni mai ciwo ina gaba, kai mai lafiya kana baya. Ba ka ji kunya ba?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Kafanchan tun 'ya'yansu na rarrafe. Sambo dillalin citta ne, Gershon kuwa tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai kakkaurar murya a cikin mawaƙan coci. Dukansu ƙattai ne masu tumbi. In suka shiga Keke Napep tare, direba ba ya ƙara neman fasinja. Kullum da yamma suna kan benci a ƙofar gida, ga tsire a takarda, ga lemon kwalba a ƙasa.

Bara Gershon ya fara ganin jini in ya zagaya. Ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙo. Da ya fara ramewa har taya shi murna aka yi a coci. Sai da matarsa Rosemary ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Jos, aka ce sankarar babban hanji ce, kuma ta riga ta yaɗu.

Da ya dawo, a kan bencin ya gaya wa Sambo.

"Na tambayi likita me ya kawo. Ya ce ba wanda zai nuna abu ɗaya. Amma ƙiba irin tamu, da yawan jan nama, da zaman wuri ɗaya, suna ƙara haɗarin." Ya miƙa hannu ya ɗan bugi tumbin Sambo. "Nawa ya riga ya faru, maƙwabci. Kai nake ji wa tsoro."

"Rai da lafiya a hannun Allah suke."

"Haka ne. Amma ƙafa tana jikinka. Gobe da safe zan buga maka ƙofa."

Da haka tattakin ya fara. Rosemary ta leƙa ta katanga ta koya wa Nana Khadija, matar Sambo, faten acca mai ganye da yawa, mai kuwa ɗan kaɗan. Sambo ya ci yana mita, ya ce an haɗa baki da iyalinsa. Amma bayan 'yan watanni sai ya ga yana sunkuyawa ya ɗaure buhun citta ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba.

Da damina ta kama, ƙafafun Gershon suka gaza. Aka riƙa fito masa da kujera bakin ƙofa, ya sallami Sambo, ya jira dawowarsa ya duba ko rigarsa ta jiƙe da gumi. Daga baya kujerar ma ta gagara.

Abu ɗaya ya rage da Sambo ya yi ta ƙi, wato gwajin da ake leƙa cikin hanji. Yana jin nauyinsa, yana kuma tsoron abin da za a gani. Gershon ya juya fuska ga bango, ya ce ba zai sake yi masa magana ba sai ya je.

Ranar da Sambo ya dawo daga Jos, ko gida bai shiga ba ya wuce ɗakin abokinsa. Ya zauna a bakin gado.

"Na je. Sun ga wani ɗan tsiro, sun cire. Sun ce bai zama komai ba tukuna."

Gershon ya lumshe ido. Da ƙyar muryarsa ta fito. "Mun gode wa Ubangiji. To na ba ka izini, tsire tsinke ɗaya, sa'i-sa'i. Ka ci a madadina."

Sambo ya so ya yi dariya. Sai kawai ya kama hannun abokinsa ya riƙe.

Ranar Lahadi, ana tashi daga sujada, Gershon ya cika.

Ranar jana'iza mawaƙa suka cika tsakar gida, mata suna riƙe da Rosemary. Da za a kai akwatin gawar cikin mota, Sambo ya matsa ya kama gefe ɗaya tare da dattawan coci. Kowa ya gyara tsayuwa, ya tattara ƙarfi. Akwatin ya taso sakayau. Sambo ya sa hannu biyu duk da haka, suka fita da shi a hankali ta ƙaramar ƙofar gidan, yayyafi yana sauka a kan katakon.