Turbon Mujtaba

Motar ba ta dace da ƙauyen ba, kowa ya sani, har mai ita. Ja ce, 'yar Japan, cikinta kusan yana shafar ƙasa, a garin da damina ke mai da hanya taɓo har gwiwa. Mujtaba ya kawo ta daga Dubai, ya ajiye ta a garejin wansa Izzuddeen, tsakanin injunan ban ruwa da manoman Abu Hujar ke kawowa gyara.

Kuma wai gudunta bai ishe shi ba. Da alli ya rubuta shirinsa a bango: turbo mafi girma, bututun salansa mai faɗi, sabon famfon mai, sannan birki. Izzuddeen ya ce mai hankali da birki yake farawa. Mujtaba ya yi dariya, ya hau bas zuwa Khartum sayen turbon. Bayan kwana uku yaƙi ya ɓarke. Shekara biyu ke nan ba labarinsa.

Izzuddeen ya yi duk abin da ke bangon, ban da layin farko. Tsoron garejin yake ji da tsakar rana, in gari ya yi tsit: ƙarfen motar yakan yi ƙas-ƙas kamar yanzu aka kashe ta, alhali ba wanda ya tayar da ita. Kujerar direba na nan yadda ƙanen ya matsar da ita, shi kuwa bai taɓa iya zama a kai ba.

Dattawa suka ce lokaci ya yi da za a yi wa Mujtaba sallar ga'ib. Izzuddeen ya yarda a ransa, don ya gaji da jira. Saura ya faɗa wa Inna, mahaifiyarsu, abin da ya fi ƙarfin bakinsa wata guda cur.

Ran da ya ɗaura niyya, sai ga direban lori ya sauke kwali a ƙofar gareji. Ya ce a wani sito da aka daɗe da rufewa ya tsince shi, ya ga sunan ƙauyen da na Izzuddeen a jiki. Turbon ne, sabo fil, a cikin ledarsa.

Kafin Izzuddeen ya ɓoye shi, Inna ta shigo. Ba ta iya karatu ba, amma ta san hannun ɗanta. Ta durƙusa tana shafa rubutun.

"Rubutunai na, wallahi," ta ce. "Khalas, magana ta ƙare, ɗana yana raye. Su malam su ji kunya."

Izzuddeen ya dubi takardar da aka manna a gefen kwalin. Kwanan watan na jajibirin yaƙin ne. Tun kafin Mujtaba ya ɓace aka yi rubutun.

"Karanta mini, Izzu. Mi yac ce? Yaushe za shi taho?"

Ya juya gefen da takardar take ga bango.

"Ya ce in ɗaura wa arabiyyar, motar nan tashi, wannan tukuna, Inna. Bai son shi taho shi iske aiki bai ƙare ba."

"To mi kake jira?" ta ce, ta miƙo masa sifana.