Haruffan Mai Aikin Famfo

Baba ya cire Yaya daga makaranta tana aji biyu, kuma a ranar da ya yi hakan yana da gaskiya. Ajin ya cika har bakin taga. Malamar kan shigo ta rubuta kwanan wata a allo, ta koma inuwa wajen 'yan'uwanta malamai, yara su yi ta rera abin da ba su sani ba har a tashi. Ya je ya yi ƙorafi, aka ce masa ai ko'ina haka ake yi. Babu amsar da ta kai wannan arha, kuma ba ta taɓa koya wa yaro ko harafi ɗaya ba. Ya riƙo hannun 'yarsa suka dawo gida, ya ce daga yau teburin cin abinci shi ne aji.

A shekarun farko makaranta ce ta gaske. Umma ce ke zama da Yaya kowace safiya, har yarinyar ta iya karanta duk abin da ya faɗo hannunta, har da takardar cikin kwalin magani. Lokacin ƙanwarta Auta tana goye. Da ta yi wayo, Umma ta koma aikinta na jinya a asibiti, tana fita da sassafe, ta dawo da yamma ƙafafu a kumbure. Makaranta ta faɗa hannun Baba. Umma ce ta fara kiransa Hedimasta don zolaya, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, zolayar ta wuce ta saman kansa.

Hedimasta mai aikin famfo ne, kuma ya iya aikinsa. Sai dai aikin famfo da safe yake kira, tanki ba ya jiran a gama karatu kafin ya fara yoyo. Don haka ya gano wata babbar hikima: rayuwa kanta makaranta ce. Da wannan jimla guda ya sallami teburin. Kowace safiya ya loda bututu a bayan tsohuwar motarsa ta kaya, ya loda 'ya'ya a gaba, kuma duk abin da ya faru daga nan darasi ne. Riƙe tocila a ƙarƙashin sink ɗin wanke-wanke darasin kimiyya. Miƙo sifana darasin natsuwa. Cunkoson motoci darasin haƙuri. Ranar da taya ta yi faci a hanyar wani ƙauye an yi darasin labarin ƙasa, tunda a ƙasa suka zauna har rana ta yi sanyi.

A cikin motar nan ya koya wa Auta haruffa, da tsarin da ya ƙirƙiro da kansa, yake kuma alfahari da shi kamar ya gano maganin sauro. Ya zaro wosha, ɗan zoben nan na famfo, daga akwatin kayan aiki ya nuna mata O. Gwiwar bututu ita ce L. Mahaɗi mai baki uku shi ne T. S ƙugiya, I guntun bututu, R kan famfo, A tsani a buɗe, H matakin tsani. Yarinyar tana da kai, cikin ɗan lokaci ta kwashe su duka. Saura a gaya mata cewa kowanne yana da sauti, kuma in an jera su magana suke yi. Wannan ya bar shi sai mako mai zuwa. Makon yana ta zuwa har Auta ta shekara takwas.

Babu wanda ya lura, saboda babu wanda ya so ya lura. Akwai wani ƙaramin littafi mai hotunan kyanwa da Yaya ta sha karanta mata har ta haddace. In an yi baƙi, sai Hedimasta ya ce a kawo littafin. Auta ta zauna ta ɗora yatsa a kan layi tana jan sa, tana zubo labarin tiryan-tiryan. Baƙi su tafa, su ce ai gara haka, makarantun yanzu sai a hankali. Umma ta yi murmushi daga kan kujera idanunta rabi a rufe. In kuma wani baƙo mai rigima ya nuna wata kalma a jikin kwalba ya ce ta karanta, Yaya kan tsaya a bayansa ta motsa leɓɓanta, Auta ta ɗauka daga nan.

Yaya ce kaɗai ta san gaskiya, kuma abin yana cin ta. Shekarunta goma sha huɗu, ta san ƙanwarta ba ta iya karanta ko sunanta ba. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: a bar mata safiya a gida, ita da Auta da teburi. Da yamma Auta kan dawo daga yawon darasi ta kife tana barci da takalmi a ƙafa. Yaya ta taɓa gwada faɗa wa Baba.

"Kowane yaro da lokacinsa," in ji shi, kansa a cikin tanki. "Kar ki rikita mata tsari. Haska nan."

Ta haska.

Wata safiya aka kira shi wani otal a wajen gari, injin tura ruwa ya daina aiki. Tafiya ce mai ɗan nisa, wato babbar ziyarar ilimi. Manajan otal ɗin, wani mai tumbi da makullai a ɗaure a ƙugu, ya bi da su ta bayan kicin, suka sauka wani dogon lungu mai warin danshi, ruwa kwance a kan siminti. Ya dubi yaran, ya dubi agogonsa.

"Malam, yau babu makaranta ne?"

Tambayar da Hedimasta ya fi so a duniya ke nan. Ya ajiye akwatin kayan aiki don ya ji daɗin amsawa.

"Ga ta nan a gabanka, ranka ya daɗe. A gida muke koyar da su. Waɗancan makarantun ai kiwo ake yi, ba karatu ba."

"Wallahi kuwa," in ji Manaja. "Nawa yana aji huɗu, in ka ga rubutunsa sai ka ce kaza ta bi ta kan takarda."

"To ka gani. Auta, zo nan. Karanta wa Baba Manaja abin da ke jikin ƙofar can."

Ƙofar ƙarfe ce a ƙarshen lungun, an yi mata rubutu da jan fenti, manyan haruffa. Auta ta waiwayo tana neman bakin Yaya kamar kullum. Yaya ta dubi ƙofar, ta karanta abin da ke jiki, ta dubi ƙanwarta. Sai ta sunkuyar da kai ta kama leɓɓanta da haƙori.

Auta ta jira. Da ta ga ba taimako, ta gyara tsayuwa, ta yi abin da aka koya mata, da murya garau.

"Matakin tsani. Tsani a buɗe. Baki-uku. Ƙugiya. Tsani a buɗe. Kan famfo. Guntun bututu."

Manaja ya bushe da dariya har makullansa na kaɗawa.

"Kai! Wannan wane yare ne?"

"Tsarina ne," in ji Hedimasta, ƙirji a gaba. "Ba ka ji ba ta tsallake ko ɗaya ba?"

"Ai wannan sai a kai ta talabijin. Allah ya yi albarka, 'yata!"

Har tafi ya yi mata. Mutane suna son tafi, ba ya cin kuɗi kuma ba ya sa a tambaye ka komai daga baya. Suka juya ga injin, Hedimasta ya durƙusa yana bayanin abin da ya toshe. Auta kuwa, daɗin yabo na ɗibar ta, ta ga ya kamata ta san abin da ke bayan ƙofar da ta yi mata suna. Ta taka cikin ruwan, ta kama hannun ƙofar da jiƙaƙƙen hannunta, ta tura. Ba a kulle take ba. Wani gurnani ya fito daga ciki, ga manyan wayoyin lantarki jere a bango.

Yaya ta yar da tocila ta fizgo ta da ƙarfi har suka kusa faɗuwa tare.

"Ke lafiya?" in ji Baba. "Me ya sa za ki jefar min da tocila?"

"Baba, ka tambaye ta me ta karanta."

"Ai kin ji ta karanta."

"Ka tambaye ta me aka rubuta. Me kalmar take cewa."

Ba ta taɓa yi masa magana haka a gaban baƙo ba. Manaja ya ja ƙofar ya rufe da sauri, ya fara laluben makullin da ya kamata ya yi amfani da shi tun bara. Hedimasta ya dubi Auta.

"Faɗa musu, Autata. Me aka ce?"

Auta ta sake duban jan rubutun. "An ce a kawo tsani guda biyu," in ji ta a hankali, "da ƙugiya."

HATSARI aka rubuta. Wannan karon ba wanda ya tafa.

Hedimasta ya gyara injin, kuma a karon farko a tarihin makarantar an yi aiki ba a ba shi sunan darasi ba. Suka kamo hanya, suka shigo gari. Da danja ta tsayar da su, ya nuna wani shago da haɓa.

"Wancan fa?"

Auta ta jero masa kayan aiki.

"Wancan na kusa da shi?"

Ta jero. Ya nuna bayan wata babbar mota, ya nuna allon wani asibiti, ya nuna sunan sabulun da ke jikin kwali a ƙafarta. Duk ta jero, ko gargada babu. Sai idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ai ban yi kuskure ba ko sau ɗaya."

"Ba ki yi ba," in ji shi. Na bayansu suka yi ta danna oda kafin ya lura an ba da hannu.

Can ya dubi Yaya ta gefen ido. "Ke kuma da ba za ki iya jira mu zo gida ba? Sai a gaban mutane?"

"Na faɗa maka a gida, Baba. Ka ce in haska."

Da yamma Umma ta dawo ta tarar da gidan kamar an yi rasuwa. Yaya ta ba ta labari a kicin. Umma ba ta cire ko takalmi ba ta fito falo, ta ɗauko littafin kyanwa, ta buɗe tsakiya, ta rufe hoton da tafin hannu, ta nuna kalma ɗaya. Auta ta ce gwiwa, wosha. Umma ta rufe littafin.

"Sannu da ƙoƙari, Hedimasta. Ka yaye mana mai shagon kayan famfo."

"Kar ki fara. Ke kina ina duk shekarun nan?"

"Ina inda kake," in ji ta. "Wajen tafi."

Wannan ta zo masa a ba-zata, don ya shirya faɗa ne, bai shirya a yarda da shi ba. Umma ta zauna ta jawo Auta jikinta, ta ce mata ba laifinta ba ne, kanta lafiya lau, manyan gidan ne suka yi barci. Sannan ta dubi Yaya.

"Ke ma da bakinki mai motsi. Na sha ganin ki, na ɗauka wasa kuke. Yanzu me kike so a yi?"

"Safiya, Umma. Daga tashi zuwa azahar, ni da ita a gida. Ba mota. Ranar da ba ki da aiki ki duba mu."

"To wa zai riƙe min tocila?" in ji Baba.

Har ga Allah tambaya yake yi. Shugaban makaranta guda, an gaya masa ɗalibarsa ba ta iya karatu ba, damuwarsa ta farko wa zai haska masa ƙarƙashin sink.

"Akwai wadda ake ɗaurawa a goshi," in ji Umma. "Ba ta cin abinci, ba ta buƙatar iya karatu."

Ya tashi ya fita wajen mota, suka jiyo shi yana ta jera bututun da ya riga ya jera.

Washegari bayan an karya, ya ce kowa ya zauna, akwai sanarwa. Ya tsaya a gaban teburin da hannaye a baya, ya yi gyaran murya. Ya ce ya daɗe yana nazari a kan tsarin makarantar nan, kuma bincikensa ya nuna masa cewa lokaci ya yi da za a shiga mataki na biyu. Mataki na ɗaya, wato sanin siffar haruffa, an kammala shi da gagarumar nasara, kowa shaida ne. Mataki na biyu shi ne sauti. Saboda haka, daga yau, ya yanke shawarar cewa za a riƙa zama a gida da safe, kuma ya naɗa Yaya mataimakiyarsa. Bin sa aiki sai bayan azahar, ga mai so.

"Akwai tambaya?"

"Babu, Baba," in ji Yaya. "Mun gode."

Ya ɗauki akwatinsa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ya dawo ya dafa kan Auta, ya ce in ya dawo yana so ta faɗa masa abin da baki-uku yake cewa, don shi ma ya ji. Sannan ya fita. Motar ta yi tari sau da yawa kafin ta tashi.

Umma tana saka 'yan kunne, jakar aiki a kafaɗa. Ta sunkuyo kusa da kunnen Yaya.

"Kin dai ji. Tunaninsa ne, ya daɗe yana nazari."

"Ya riƙe tunanin, Umma," in ji Yaya, tana kwashe kofuna daga kan teburi. "Ni safiyar nake so. Auta, jawo kujerarki nan kusa da ni."