Gwajin da Hamish Ya Kashe

Shekara huɗu ina aikin gwajin manhajar kwamfuta a wani ɗan kamfani a birnin Auckland, kuma a shekara huɗun nan Hamish bai taɓa kiran sunana daidai ba. Sunana Fuatino. Shi kuwa Tina yake ce mini, wai bakinsa ba ya iya ɗauka. Shi ne shugaban masu rubuta manhajarmu, wadda aikinta ɗaya ne tak: ta daidaita fayilolin mutum tsakanin kwamfutocinsa. Abin da ke nan ya je can, abin da aka goge can a goge shi nan.

Ni kuma kwamfuta uku ce a ƙarƙashin teburina, Mac da Windows da Linux, kullum ina jefa fayiloli daga wannan zuwa waccan in ga inda za su karye. A haka na gano ɓarnar. In sunan fayil na da harafi mai alama a kansa, irin na sunan kakata Mālia, wata kwamfutar takan ajiye harafin daban, alamar daban, wata kuma ta haɗe su guda. Ido abu ɗaya yake gani. Manhajarmu kuwa sai ta ga sunan bai zo daidai ba, ta ɗauka an goge fayil ɗin a can, ta goge shi a nan, ta koma can ma ta share. Na rubuta gwaji a kai, kullum safe yana nuna ja a babban allon ofis, alamar akwai matsala.

"Haba, Tina," in ji Hamish, yana kurɓar kofi. "Wa ke sa wa fayil irin wannan suna? Ke kaɗai kike nema wa kanki aiki."

"Oga, rabin unguwarmu."

Ya yi dariya ya wuce.

A watan Mayu kakata, mahaifiyar Baba, ta rasu, na tafi ƙasarmu Samoa jana'iza mako biyu. Kafin tafiyata ni ce na kawo cocinmu na unguwar Māngere wajen kamfanin don su yi amfani da manhajarmu. Matasan cocin sun kwashe shekara uku suna juye tsofaffin kaset zuwa kwamfutar Fasto: muryoyin dattawa sittin da uku, waƙoƙi da salsalar dangi, kowane fayil da sunan mai shi. Kaset ɗin sun yi funfuna, an zubar da su. Na ce a jira ni in dawo. Hamish bai jira ba. Jan allon ya dame shi, sai ya kashe gwajin, ya saki manhajar, ya aika aka haɗa kwamfutar Fasto da sabuwar ta coci. Minti huɗu. Sittin da uku, ko ɗaya bai tsira ba, har da muryar kakata da muka binne ranar Asabar ɗin makon.

Wasiƙar da kamfani ya aika wa coci cewa ta yi an samu sakaci a sashen gwaji. Sashen gwaji kuwa ni ce, ni kaɗai.

Na nuna wa mai kamfanin inda Hamish ya kashe gwajin, da sunansa da rana. Ya ce maganar cikin gida ce, in na fitar da ita waje in tattara kayana. Na gaya wa Baba gaskiya, ya saurara tsaf, ya ce, "'Yata, takarda ta riga ta faɗa, kuma ke kika kawo su." Washegari da asuba Baba, dattijo mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ya je ƙofar gidan Fasto ya zauna a ƙasa, ya lulluɓe kansa da tabarmar girma yadda muke yi in an yi wa mutane babban laifi. Awa biyar cikin yayyafi kafin Fasto ya fito ya yaye masa. Ina tsaye a bakin titi ina kallo. Wallahi a wurin na daina kuka, abin da ya shige ni ba baƙin ciki ba ne, tsana ce, kuma na ji daɗinta.

An cire ni daga gwaji, aka mai da ni mai shirya wa ma'aikata sababbin kwamfutoci. Na karɓa da murmushi. A coci mata suka daina miƙo mini faranti in ana rabon gwaza, sai su ajiye a gefen tebur. Wata biyar ina haɗiye wannan, gwajin kuma yana nan a kashe, allon ofis kore shar kamar ba a yi komai ba.

Ranar wata Talata Hamish ya dire mini kwalin kwamfuta a tebur.

"Sabuwa ce, Windows. Ki kwashe mini komai daga tsohuwar Mac ɗina. Da manhajarmu za ki yi, ba da wani tsarinki na gargajiya ba."

Na buɗe tsohuwar. Can cikin hotunan iyali sai ga su jere, bidiyo ɗari biyu da wani abu, kowanne ya fara da sunan 'yarsa: Zoë. Ɗigo biyu a kan harafin ƙarshe, zaune daram. Zoë ranar haihuwa. Zoë ta fara tafiya. Zoë da kakanta a asibiti. Na daɗe ina kallon ɗigon nan biyu.

Na bi shi har ofishinsa, don kada gobe a ce ban faɗa ba.

"Oga, a kunna gwajin nan kafin in taɓa kayanka."

"Kai, Tina! Har yanzu? Matsalar mutanenku ce wannan, ba tawa ba."

"Rubuta mini haka."

Ya rubuto mini saƙo layi ɗaya, har da alamar dariya a ƙarshe.

Ina da ɗabi'a ɗaya da duk mai gwaji na ƙwarai yake da ita: ba na taɓa fayil ɗin mutum sai na kwafe shi gefe. Da ina nan a watan Mayu, da haka na yi wa coci. Na kwafe komai a ɗan faifai, na jefa shi jakata, sannan na haɗa kwamfutocin na danna. Na ɗebo shayi na zauna ina kallon Zoë tana ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, daga nan da can.

Bai lura ba sai Alhamis. Ya zo teburina fuskarsa ta yi fari fat.

"Ina bidiyon 'yata?"

"Waɗanne?"

"Kada ki yi mini haka. Babu su a sabuwar, babu a tsohuwar. Mahaifina yana ciki, watansa na ƙarshe ne. Matata ba ta sani ba tukuna."

"Ikon Allah! To wa ke sa wa fayil irin wannan suna?"

Mutanen ofis duk suka juyo suna kallonmu. Ya durƙusa a gefen kujerata, babban mutum da gemu.

"Fuatino. Don Allah."

Ashe bakin yana iya ɗauka.

Na ce masa na kwafe su a faifai, yana nan, amma ba a ofis ake karɓa ba. Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya, zauren coci a Māngere. Na miƙa masa takarda mai sunayen dattawan nan sittin da uku, na ce yana da kwana uku ya koyi faɗarsu, ya zo ya faɗi gaskiya a gaban jama'a.

Ya zo, cikin kwat, gumi na bin wuyansa. Zauren cike, mata cikin fararen kaya da huluna, yara sun daina guje-guje. Fasto ya ba shi wuri a gaba. Ya faɗa da bakinsa cewa an gargaɗe shi tun farko, shi ya kashe gwajin, ina Samoa a lokacin, kuma wasiƙar ƙarya ce. Sannan ya ɗaga takardar ya fara karantawa. Duk sunan da ya murguɗa, dangin mai sunan sai su gyara masa da ƙarfi daga inda suke zaune, ya sake. Wata gwaggo ta sa shi ya maimaita sunan mijinta sau bakwai. Da ya kai kan Mālia, ni na gyara masa, ko da yake ya faɗa daidai.

Da ya gama na ciro faifan na ajiye masa a gefen tebur, inda ake ajiye mini farantina. Ya wawure shi ya rungume a ƙirji. Har ya juya, sai ya tsaya.

"Naku fa? Babu wata hanya?"

"Babu," na ce. "Kai dai je ka kalli mahaifinka."

Ban san ko ranar Litinin ina da aiki ba, kuma ban damu ba. Na juya ina neman Baba, ina jira ya dube ni ya gyaɗa kai. Yana kujerar gaba, hannunsa a kan gwiwar nan mai ciwo. Takardar sunayen da Hamish ya bari ce a cinyarsa, yatsansa a kan layin mahaifiyarsa.

"Fuatino," ya ce, bai ɗago ba. "Waƙar nan da take yi in tana kankare kwakwa, yaya ma take farawa?"

Na buɗe baki. Ban tuna ba.