Abin da Ke Numfashi a Rumfar Niƙa

Maimunatu ta kashe sabon injin, numfashin ya ɗauke. Ta sake murɗa hannunsa har ya tashi, sai ga abin ya dawo: wuu, ya lafa, wuu, ya lafa, kamar wani ƙato ne ke barci a kan rufin kwanon. Tsohon injin shi kaɗai lafiya, sabon shi kaɗai lafiya, amma da sun haɗu sai rumfar ta ɗauki numfashi.

Kwana tara ke nan da ta kawo injin niƙa na biyu rumfarta da ke bayan kasuwar Dogon Dutsi, kwana tara kuma ke nan ƙafa ta ɗauke. Inna Ajuma mai fura, tsohuwar da matan unguwa ba sa ƙetare maganarta, ita ta fara cewa doguwa ce ta tare a ciki. Har shaida ta kawo: ɗan kududdufin bakin ƙofa, inda ruwan duron sanyaya inji ke tsiyaya, bakan gizo ne kwance a kansa, ba hadari ba yayyafi. Tun daga nan mata ke wucewa da ƙoren hatsinsu zuwa injin ƙetaren kwalta, ko gaisuwa daga nesa suke ɗago wa Maimunatu. Abin ya ci mata rai, ita kanta kuma ta fara jin tsoro, har ta yanke cewa gobe za ta nemi mai sayen sabon.

Tana cikin wannan hali ƙanen mijinta Abdussalamu, mushen fizik a lise, wato malamin kimiyya a sakandare, ya tsaya da babur ɗinsa zai gaishe ta. Bai ƙarasa sallama ba ya sanƙame a bakin ƙofa, ya karkata kai, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Mushe, ina cikin masifa kai kana dariya?"

"Yaya, shekara shidda ina zana wa yara abin ga bisa allo, ban taɓa jin shi da kyau haka ba. Kawo hannunki."

Ta ce ya rufa mata asiri, ba ta da lokacin shirmen 'yan lakwal masu boko. Bai kula ba. Ya ce kowane inji tura iska yake yana janye ta, wannan shi ne ƙarar da kunne ke ji. Injinan nata gudunsu ya kusa zama ɗaya, amma ɗaya ya ɗara kaɗan, kamar mata biyu a turmi, wata ta fi wata saurin hannu: wani lokaci taɓarensu su sauka tare, wani lokaci su saɓa. In sun tura tare ƙara ta ninku. In wannan na turawa wancan na janyewa, sai su cinye juna. Ta harare shi, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ƙara da ƙara suka haɗu suka haifi shiru ba.

Ya nuna mata ɗan ƙarfen da ake ƙara wa sabon injin wuta, ya ce ta tura shi kaɗan. Ta tura. Numfashin ya koma haki, wu-wu-wu, kamar na wanda ya hau dutsen bayan gari da gudu. Ta jawo ƙarfen baya a hankali, hakin ya sassauta, ya yi tsawo, ya ƙara tsawo, har ta ƙirga biyar tsakanin wannan da wancan. Ta ƙara jawowa da ɗan yatsa. Numfashin ya ɓace ɗungum, sai ƙara ɗaya miƙaƙƙiya.

Dariya ta ƙwace mata. Ta tura, ya dawo. Ta jawo, ya tafi. Ta yi haka ya fi sau goma, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba, murna kamar ta taka rawa. Kududdufin fa? Abdussalamu ya ce gazuwal ne, man injin, ya yi fatar sama a kan ruwan, haske na dawowa daga samansa da ƙasansa, wani launi ya ninku wani ya cinye kansa. Lissafin dai guda ne. Ba ta tsaya jin ƙarshe ba, ta bar shi da injinan ta yi gidan Inna Ajuma da sassarfa.

Da ƙyar tsohuwar ta yarda, ta zo da ƙwaryar hatsinta a ka, wanda da ma ƙetaren kwalta za ta kai. Mata bakwai suka biyo ta, suka yi cirko-cirko nesa da ƙofa. Maimunatu ta ce su saurara. Ta kira numfashin, ya zo. Ta sa shi haki, ya yi. Ta kwantar da shi, ta kore shi. Abdussalamu ya gyara murya ya soma bayanin tura iska da janye ta, hannuwansa na sama da ƙasa, amma babu mai kallonsa. Duk ido na kan hannun Maimunatu.

Inna Ajuma ta tako ta ƙetare kududdufin ta sauke ƙwaryarta.

"Ashe ke ka riƙe da linzamin doguwar," in ji ta. "To mi anka yi ba ki gaya muna ba tun farko, ɗiyata? Wadda ta san mai ita ba ta cuta."

Sauran matan suka watse da sauri, kowa ta tafi ɗauko nata. Abdussalamu ya dubi matar wansa, idonsa na roƙon ta faɗa musu gaskiya. Ita ma ta buɗe baki, don bayanin yana nan a kan harshenta, ta kuma ji daɗinsa ƙwarai. Sai ta hango ƙwarya ta biyu ta karyo kwana, ta uku na bin ta.

Ta ɗaure ɗankwalinta, ta jawo ƙwaryar tsohuwar.

"Inna, gari kike so ko tsaki?"