Takardar Gangaren Kuka

"Ba zan sa su dangwala ba, Kawu."

Aina'u ta miƙa wa Sagir takardar a ƙofar ajin yaƙi da jahilci. Ƙanen mahaifiyarta ne, kuma sakataren Onarabul.

"Ce musu rajistar aji ce. Wa zai tambaya?"

"Ku kuka riƙa kai ni makaranta a bayan kekenku. Yau kuma in yi kamar ban iya karatu ba?"

Takardar roƙo ce da sunan matan Gangaren Kuka, wai su da kansu ke neman a cire unguwarsu daga mazaɓar a haɗa ta da ta ƙetaren kogi. Onarabul ya yi zango huɗu a majalisar jiha, yana neman na biyar, kuma akwatin Gangare ne ya ƙi shi a zaɓen da ya wuce.

Aina'u tana 'yar shekara bakwai ya fara zuwa neman ƙuri'a. Abokin aikin babanta ne a masaƙa, har da auduga a gashinsa. Ya zauna a tabarmarsu ya ci kwaɗon rama, ya rantse zango biyu kawai zai yi, kuma zai hana majemu zubo ruwansu a kogin Challawa. Lokacin lambun babanta na fitar da tumatir kwando-kwando, yara na kamun tarwaɗa a bakin ruwa. Yanzu ruwan ya yi baƙi, ko akuya ba ta sunkuya masa.

"Malama, me ya kawo mai babbar riga?" in ji Hajiya Jummai, babbar ɗalibar ajin, ta taga.

Aina'u ta zare takardar daga hannun kawunta ta shiga. "Hajiya, ga karatunmu na yau."

Tsohuwar ta ɗora yatsa tana bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. "Mu... ma-tan... Gan-ga-re... mu-na ro-ƙo..." Ta ɗago kai. "Mu? Yaushe? Sagiru, ni da na goye ka kana tsula mini fitsari, ni za ka tura ƙetare?"

Ajin ya kwashe da shewa. Sagir ya shigo ya fizge takardar ya fita.

* * *

Onarabul ne ya gina ajin. Kwana uku bayan zuwan Sagir aka garƙame shi da kwaɗo, aka cire sunan Aina'u daga jerin malamai. Babu mai ɗakin da ya yarda ya ara mata ta ci gaba da ajin.

Gangare tana nan a mazaɓarta. Aina'u kuwa tana Sharada, a kamfanin roba, tsaye awa goma sha biyu tana datse bakin bokitai. Da aka ce ta je ta ba da haƙuri, cewa ta yi ba ta ga laifinta ba.

Sagir bai sake taka gidansu ba, ko ranar sallah. Mahaifiyarta ta daina ajiye masa tuwo. Matan ajin ashirin da bakwai kuma sun tsaya a shafi na goma sha ɗaya na littafin karatunsu.