Muryar Tsoho Bang

Pyo Hye-ran tana tsaye gaban allon ofis tana bitar jawabin da za ta yi wa jami'an gunduma da ƙarfe uku, sai shafi na bakwai ya ƙi buɗewa. Ta danna, ta sake dannawa, ta yi tsaki.

"Wai ina Du-ho ne? Kwana biyu ke nan kujerarsa babu kowa."

Madam Yeom, mai kula da ma'aikata, ta ɗago kai ta yi mata wani irin kallo.

"Yana garinsu Gunsan mana, Shugaba. Gobe da safe za a fita da gawar."

"Gawar wa?"

"Ta babansa. Ba ke kika fara yi masa ta'aziyya ba?"

Hye-ran ta ɗauki wayarta.

Shekara shida da suka kafa kamfanin su biyu. Ita ce mai yawon neman masu zuba jari da kwangila, Bang Du-ho kuwa shi ne mai rubuta manhajar. Sori suka sa mata suna. Kowace safiya takan kira tsofaffin da ke zaune su kaɗai, ta yi hira da su, ta saurari muryarsu. In ta ji alamar ciwo ko damuwa, sai ta sanar da 'ya'yansu. Bara, bayan wani saƙo mai zafi da Hye-ran ta tura masa har suka yi sati ba sa magana, Du-ho ya gina mata wata ƙaramar Sori a wayarta. Ita ke taƙaita mata saƙonni, ta rubuta amsa mai laushi, Hye-ran ta danna kawai. Tun daga nan ba su ƙara yin faɗa ba.

Ta nemo taƙaitawar ranar Litinin: "Du-ho zai yi hutun kwana uku, lamarin iyali. An shirya amsa." Ta tuna tana cikin tasi ta danna. Ta buɗe ainihin saƙonsa.

"Yaya, Baba ya rasu. Ban san abin da zan yi ba."

Rabon da ya kira ta Yaya, kamar 'yar'uwarsa ta jini, tun suna aiki a ɗaki ɗaya a saman wani shagon wanki. Ƙarƙashin saƙon ga amsarta, layi biyar masu kyau, babu kalma ɗaya da ta fito daga bakinta.

"Madam Yeom, ki kira gunduma ki ce a ɗaga zaman."

"Wata huɗu fa muna neman wannan zaman, Shugaba."

"Ki kira su. Ki ara mini baƙar rigar nan taki."

Tafiyar bas ɗin ta ɗauki kusan awa uku. An girbe shinkafa, gonaki sun yi fayau, sai dunƙulen ciyawa naɗe da farar leda. Sau biyu yatsanta yana zuwa kan Sori don ta tambaye ta abin da ake faɗa wa wanda ya rasa uba. A karo na biyu ta jefa wayar cikin jaka ta zuge.

Ɗakin makokin yana ƙasan wani asibiti kusa da tashar jiragen ruwa. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta kunna turare, ta ajiye farin fure gaban hoton wani tsoho mai faɗin goshi da ke dariya da giɓi. Ta durƙusa sau biyu ga hoton, ta juya ta rusuna wa Du-ho. Baƙar kwat ɗin haya ta yi masa yawa, idonsa ya faɗa.

"Shugaba, ba yau ne zaman gunduma ba?"

"An ɗaga."

Wata tsohuwa gajeriya, ƙanwar marigayin, ta kama hannun Hye-ran ta ja ta ɗakin cin abinci, ta dire mata shinkafa da romon naman sa mai barkono.

"Ci da zafinsa, 'yata. Kun zo daga Seoul duk kun bushe kamar busasshen kifi."

Can da baƙi suka ragu, Du-ho ya zo ya zauna a gabanta, ya tanƙwashe ƙafa. Hye-ran ta ajiye cokali.

"Ban karanta saƙonka ba sai yau da safe. Amsar nan ba ni na rubuta ba."

"Na sani," ya ce. "Ni na koya wa Sori jimla ta biyun. Da ke ce, da kin tambaye ni ranar da zan dawo."

Ta so ta musa, sai ta ga gaskiya ce.

"Ban ji haushinki ba," ya ce yana juya kofin ruwa a hannu. "Da wane baki? Baba ne mutum na farko da Sori ta fara kira, kin tuna? Kullum ƙarfe takwas. Ni kuma in na shiga ofis sai in duba allo, in ga sunansa da koren ɗigo, in ce madalla, Baba lafiya. Rabon da in kira shi da kaina tun bikin kaka. Wata biyu."

"Ba ta nuna komai ba? Ko sau ɗaya?"

Gwaggon, wadda ke goge teburin gefe, ta juyo.

"Ina za ta nuna? Ai yayana ya fi ta wayo. Ƙirjin nan ya daɗe yana damunsa. Amma da takwas ta gabato sai ya tashi zaune, ya sha ruwan ɗumi, ya gyara murya. Ka ji shi yana ta ɓaɓɓaka dariya da na'ura kamar wanda ya ci caca. Yana ajiye waya ya koma ya kwanta, gumi sharkaf. Na ce masa, Yaya, ka bari abin nan ya ji gaskiya mana. Ya ce in ta ji za ta kai wa yaron rahoto, yaron ya bar aiki ya taho, alhali suna gab da samun babban aiki."

Ta ɗauki kwanoninta ta wuce tana jan hanci.

Du-ho ya zaro tsohuwar wayar babansa daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Gilashinta ya tsage a gefe.

"Na manta ban cire sunansa ba. Yau da takwas ta yi ƙara a aljihuna. Na ɗauka, na ce ina ji. Ta ce, 'Kaka, yau muryarka ba kamar kullum ba. Wani abu ya faru ne?'" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Tana aiki, Yaya. Abin da muka gina yana aiki."

Hye-ran ta kalli wayar, ta kalle shi.

"Ban jin zan dawo," ya ce. "Ko kuma ban sani ba. Kada ki tambaye ni yanzu."

Amsoshin suna nan jere a bakinta, irin waɗanda ta saba juya masu kuɗi da su. Akwai tsofaffi dubu uku da ke jiran kiran gobe, akwai ma'aikata goma sha ɗaya, kuma babu wanda ya san cikin Sori in ba shi ba. Ba tare da shi ba, kamfanin ba zai kai bazara ba, ta san haka sarai. Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

"Wane irin mutum ne?" ta ce.

"Wa?"

"Babanka. Shekara shida, ko sana'arsa ban taɓa tambayar ka ba."

Du-ho ya ajiye kofin.

"Injin kwale-kwalen masunta yake gyarawa," ya ce. "Shekara arba'in a bakin teku, amma bai iya iyo ba. In ya shiga jirgi gwada inji, da igiya yake ɗaure ƙugunsa."

"Ƙarya yake yi!" gwaggon ta ɗaga murya daga madafa. "Ya iya, tsoro ne kawai!"

"Bai iya ba, Gwaggo, ni na tsamo shi ina aji biyu!"

Hye-ran ta jawo kwanon romon da ya riga ya huce, ta ɗauki cokali.

"Ta yaya ka tsamo shi?"

A bakin ƙofa wasu tsofaffin masunta uku suna cire takalmi. Du-ho ya hango su, ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna.

"Bari in ƙarasa miki tukuna," ya ce.