Masassaƙin da Suka Kashe a Allo

Ni na fara ganin tsagewar nan, tun kafin idon wani mai digiri ya kai kanta. Siririya ce kamar gashin gira, a ƙasan babbar ƙofar da aka kafa don kallo a zauren gidan adana kayan tarihi. Dole in gan ta, tunda ni da yayana, Allah ya jiƙansa, muka sassaƙa ƙofar shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Babu ƙarfe a jikinta, babu gam. Ƙusoshin itace ne ashirin da bakwai, kowace na riƙe da 'yar'uwarta.

Babbar 'yata, mai aikin jinya, ita ta kai ni ranar. Ina nuna mata aikin ina cika baki, sai na ga tana kallon wani allon tagulla a gefe. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Na ce ta karanta mini. Ta yi ta kwana-kwana, sannan ta karanta: wai aikin wani masassaƙi ne da ba a san sunansa ba, ana jin ya daɗe da rasuwa, shugaban gidan ne ya gano ƙofar ya ceto ta. Sunan shugaban kuwa da manyan baƙaƙe, har da jerin digirorinsa.

Ni da motar katako ta kife da ni na fito da ƙafata, ni da likita ya fid da rai da ni sau biyu na tashi, ni aka kashe a allo.

Na shiga ofishin shugaban na gaya masa ko ni wane ne. Bai ce in zauna ba. Ya ce duk wata sai an sami tsohon da zai zo ya ce shi ya yi, ina takardata? Na shimfiɗa masa hannuwana a kan tebur. Ya yi dariya, ya kira mai gadi ya raka ni waje. Da niyyar gaya masa zancen tsagewar na shiga, da cewa na'urar sanyin da suka saita wa ƙofar ce ke busar da itacen. Na haɗiye abina.

Duk mako sai na je na duba tsagewar tana buɗewa. Matata ta ce na zama ma'aikacin gidan marar albashi. A wata na bakwai yatsa na shiga ciki. Suka ɗauko ƙwararru, aka ce sai an kwance ƙofar an sauya katakon ƙasa. Wani ya sa filaya ya fizgi ƙusa ɗaya. Ƙofar ta yi ƙara, furen da yayana ya sassaƙa a samanta ya faɗo ya rabu biyu. Nan kowa ya ja baya. Tsohuwar da ke musu shara, wadda ta ga ranar da muka kawo ƙofar, ita ta ce su daina wahalar da kansu, mai abin na nan da ransa.

Har gida shugaban ya zo. Na bar shi a rana sai da wanzami ya gama mini aski.

"Baba, a yi haƙuri, a taimaka mana."

"Wane Baba? Wanda kake nema ai ya daɗe da rasuwa. Kai ka rubuta."

Ya durƙusa da cikinsa da komai. Na ce sharaɗina ɗaya: ya cire allon nan da hannunsa a gaban ma'aikatansa, ya miƙo mini, a kafa sabo da sunan yayana a sama, nawa a ƙasa. Ya ce a fara gyaran, allo zai biyo baya. Na ce to ƙofar ta jira. Ya roƙa ko da ƙananan baƙaƙe a bar sunansa a can gindi. Na tambaye shi wace ƙusa ya buga.

Kwana tara aka kawo sabon allo. Shugaban ya tsuguna da sukudireba yana gumi, masu shara da masu gadi na kallo. 'Yata ta karanta sunayen da ƙarfi, na ce ta maimaita, wai kunnena ya yi nauyi. Ƙalau yake.

Sannan na ɗauki gudumata. Ƙusoshin nan ba fizgarsu ake yi ba, daga baya ake bugo su, a fara da ta tsakiya, in ka tsallake ɗaya sauran su ƙara cijewa. Kafin la'asar ƙofar na kwance a ƙasa, ƙwararrun na ta rubutu. Furen yayana na haɗe shi, amma tabon na nan, kuma ban yafe ba.

Tsohon allon kuwa ya yi daidai da bakin kwatar ƙofar gidana, rubutun na kallon sama. Duk mai cewa tsoho ya ƙara gishiri, ya zo ya taka, ya sunkuya ya karanta sunan da ke ƙarƙashin takalminsa, sannan ya ɗago ya ƙaryata ni a idona.